Salansa Takwas

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari,
ƙarƙashin tulin takalman gwanjo,
Kawu Barau ya tono wani kwali.
A jikinsa hoton mota, doguwa kamar kwalekwale,
tayoyin baya ƙatti kamar na tarakta,
na gaba sirara, ka ce a keke aka aro su.
Mai gwanjo ya ce ta tsere ce, ta mutanen da,
ba ta shan kwana, ba ta ɗaukar fasinja,
miƙewa kawai take yi, kafin ka ƙifta ido ta isa.
Ɗari bakwai. Kawu ko ragi bai nema ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a kwance
ƙarƙashin motocin Gumel,
kafin gwiwa ta ce masa ya isa haka.
Yanzu ga shi a gindin darbejiya,
tabarau ɗaure da zare,
ya zazzage kwalin a tiren shayi.
Gutsattsarin roba, farare, jere a kan ƙarangiyarsu
kamar ƙayar kifi bayan an gama ci.

Bai taɓa gam ba sai da ya ƙirga.
A hoto, bakin salansa huɗu ne a gefe guda.
A tire, uku da uku.
Ya sake ƙirgawa da tsinken ashana.
Ya girgiza kwalin, ya leƙa, ya ɗaga tabarma.
"Fulogi takwas, salansa shida?
To biyun ta ina za su yi numfashi?"
Sannan ya bi tankin mai da farce,
ya rasa bututun da zai kai wa inji.
"Wanda ya zuba wannan a ma'auni
bai taɓa zuƙo fetur da baki ba."

Inna Tabawa, tana tankaɗe, ta ce,
"Malam, roba ce fa."
Ya ce, "Na sani. Amma ƙarya ba ta da ƙarama."

Kwana tara.
Ya yanka bututun biro, ya gasa a bakin fitila,
ya lanƙwasa salansa biyu.
Ya zaro jar waya daga matacciyar rediyo
ya ja wa kowane fulogi layinsa.
Lambar jikin ƙofa ta zo da ruwan ɗorawa,
hoto kuwa ya ce ja ce,
sai da ya aika Kano aka sayo masa jan farce.
Shayi ya huce sau nawa, ban ƙirga ba.

Ranar da ya gama, Sallau jikansa ya shigo a guje
yana tura motar langalanga,
tayoyinta na tsohon silifa, ɗaya ta fi ɗaya.
"Kaka, mu yi tsere, daga nan zuwa rijiya!"
Kawu ya dubi tasa. Gam ya kama tayoyin gam-gam,
haka takardar ta ce a yi.
Ya miƙa hannu ga ta yaron, ya ɗauko reza,
zai daidaita masa tayar hagu.
Sallau ya fizge. "Bar min ita, haka take gudu."
Ya fice, ƙarar gwangwani na bin sa har lungu.

Yanzu tana saman akwati, kusa da agogo.
Baƙi su kan tambaya, ya kan nuna musu salansa.
Abu ɗaya ne bai faɗa wa kowa ba sai ni:
mai hoton a hagu ya tsaya.
Abin da ke dama, Kawu hasashe ya yi.
Wani dare na ga hasken tocila a ɗakinsa,
ya juya kwalin yana duban bayansa,
ko hoton zai ɓullo ta can.